Kashi na Talatin da Takwas

Zongo, Lome
3 ga Zulƙida

Zuwa ga kakana Malam Tasi'u, mai unguwar Idrisukope,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar gari baki ɗaya. Yayarka Hajiya Kubura tana gaishe ka, ta ce in tambayi gwiwar nan ko ta sake ka. Ni ce Muhsinat 'yar marigayi Zulkifli, matarka ta Zongo wadda ka shekara huɗu ba ka aiko wa ko busasshen kifi ba. Na kira wayarka sau bakwai, sai direban da ke bi ta wajenku ya ce ai ka daina magana a waya tun ranar da aka yaɗa muryarka a Zongo kana faɗa da ladan. Shi ya sa na rubuto.

Kaka, maganar mai nauyi ce. Ka san ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun ƙasa da taswira. Makon jiya malaminmu ya shimfiɗa mana zanen aikin faɗaɗa kanal ɗin da ya bi ta gabanku, wanda za a yi saboda ambaliya. Za a ci taku sittin daga gefe guda. Na sa yatsa ina neman garinmu, ban gan shi ba. Inda masallacinku yake, da maƙabarta, da gidajenku, an shafa kore an rubuta fadama, babu kowa. Gefen da babu kowa kuwa shi za a ci.

Na tambaya ko akwai mafita, aka ce akwai guda. In aka kai wa ofishin aikin takarda kafin ƙarshen Zulhajji, za a sake duba layin, mai yiwuwa a karkatar da shi ta ƙasan gari inda ciyawar gaske take. Abu uku takardar za ta nuna: cewa garin ya girmi kanal, da iyakarsa da wanda ya ba da ƙasar, da yawan mutanen da ke ciki. Rubutun ni zan yi, amma ban san komai ba. A Zongo aka haife ni, sau biyu na taɓa zuwa wajenku, abin da na riƙe kawai sauro ne da ɗanɗanon ruwan rijiyarku.

Don Allah ka rubuto mini abin da ka sani, ko ka ba ni izini in zo in auna da kaina. A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Jikarka,
Muhsinat

*

Idrisukope
9 ga Zulƙida

Zuwa ga Muhsinat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Maganar kifi kuwa, matar da ba ta zuwa gaida miji ba ta da bakin neman kifi.

Na karanta takardarki sau uku, na ba liman ya karanta sau ɗaya. Tambayar da ya yi ita ce tawa: wa ya aiko ki? Ke yarinya ce, ba ki ga shekarar da aka tashi tsohon Zongo ba. Ni ina can wajen Yaya Kubura a lokacin. Kafin motocin rusau, masu littafi ne suka fara zuwa, da fara'arsu, suna tambayar mutum nawa ne a gidan nan, wa ya gina, yaushe. Muka ba su ruwa suka sha. To yanzu ga jikata da littafi, tana tambayar abu uku, kuma su ne ukun nan ba ragi. Wannan malamin naku da ya shimfiɗa muku zane, a ina ya samo shi? Da wa yake cin abinci? Mu da ba ma kan taswira shekara saba'in muna barcinmu lafiya. Sai yau za a sa mu a kai don a san inda za a dosa?

Amma don kada ki ce na hana ki gadonki, ga tarihi, wanda kowane ɗan gari ya sani. Mahaifinmu Malam Idrisu bafataken goro ne daga Arewa. Ya gaji da yawo, ya sauka a nan, ya tarar da daji, babu ɗan Adam sai sauro da guza. Ya sare, ya haƙa rijiya, ya kafa masallaci na zana. Mutane suka biyo shi, garin ya ci sunansa. Ba wanda ya ba shi, Allah ne ya ba shi.

Iyaka kuma, gabas kanal ne, faɗinsa taku ashirin, an haƙa shi shekara hamsin da suka wuce. Kudu tafki ne mai ruwan gishiri. Yamma jar hanya wadda direban ke zubar mana da fasinja a kanta. Arewa gonakin kwakwa na mutanen ƙasar. Tsallaken kanal ba namu ba ne, kuma ba ruwanmu da wanda ke can.

Yawan mutane kuwa, mu ba ma ƙirga kai, ba awaki ba ne. Watanda muke ƙirgawa. Duk jajiberin Babbar Sallah gari ya haɗu ya sayi sa guda, a yanka, a shimfiɗa ganyen kwakwa a gaban masallaci, a kasa naman, kowane murhu kashi ɗaya. Yaro ya yi aure ya kafa murhunsa, a ƙara kashi. Gida ya mutu, a cire. Da haka muke sanin ko mun ƙaru ko mun ragu. Bara kashi talatin da bakwai ne. In masu zanenku suna son kawuna, su ninka da abin da suka ga dama.

Kada ki zo da littafi. Mutane sun riga sun ji, kuma ba zan iya tare miki bakinsu ba. Ki gaida Yaya. Allah ya shirya mana ku.

Kakanki,
Tasi'u ɗan Malam Idrisu

*

Zongo
14 ga Zulƙida

Ƙanena Tasi'u,

Sallama da gaisuwa. Da ajami na rubuto, don 'yan boko ba su iya shi ba. Ka karanta ka ƙona.

Yarinyar nan ba ta kwanta mini ba. Kullum ta shigo da takardu a nannaɗe kamar tabarma, ta kulle ɗaki. Shekaranjiya na bi ta a zemijan, ni da tsufana, ina riƙe da rigar mai babur kamar zan faɗi. Ka san ina ta je? Kasuwar shanu, wajen Buraima mahauci, wanda ke zuwa yanka muku san watanda. Me ɗalibar jami'a za ta yi da mahauci har rabin yini?

Ni ban damu da kanal ɗinsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai tambayar da ta yi mini muna tsinke alayyafo. Ta ce ta san kabarin kakanta Sagiru yana maƙabartar gari, to na kakarta fa, uwar babanta, a ina yake? Na ce mata ruwa ya cinye shi. Ta dube ni, ta ci gaba da tsinka. Wannan shirun irin na ubanta ne, kuma ban taɓa son sa ba.

Saboda haka ka kama bakinka a kan ta tsallake. Abin da muka rufe shekara hamsin ba za a buɗe shi don takardar makaranta ba. Ni na raini Zulkifli, ni na aurar da shi, ni na rufe masa ido, ni na raini 'yarsa. Ba wanda zai zo yanzu ya ce yana da rabo.

Sai kuma kai. Da yarinyar ta tafi na tsaya wajen Buraima na matsa shi. Ya ce abin da ya gaya mata shi ne kashi talatin da takwas yake kasawa, shekara da shekaru, ko da yaushe da ɗaya a kan yawan gidaje, kuma kai kake ɗauke na ƙarshen ka shige da shi bayan masallaci. Ita kuma ka rubuta mata talatin da bakwai, na gani a takardarka. Tasi'u, ina kashi guda yake zuwa? Ko mata ka ajiye a wani wuri da furfurarka? Ka faɗa mini gaskiya kafin in ji a bakin duniya.

Allah ya rufa mana asiri.

Yayarka,
Kubura

*

Zongo, Lome
20 ga Zulƙida

Zuwa ga kakana Malam Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan gwiwa da sauƙi. Na gode da amsarka, ko da yake ta yi mini zafi. Ba wanda ya aiko ni. Kabarin yayanka Sagiru, kakana, yana cikin taku sittin ɗin nan, da na Malam Idrisu. In kana ganin zan sayar da su don a ba ni takardar shaida, to ban san me zan ce maka ba. Na yi kuka, sannan na koma aiki, don kwanaki suna tafiya.

Kaka, tarihin da ka ba ni ba zai cece ku ba. In na rubuta cewa Malam Idrisu daji ya tarar, ba wanda ya ba shi, to na rubuta musu da hannuna cewa ƙasar ba ta kowa ba ce. Abin da suke so su ji ke nan. Kuma ka gafarce ni, ban yarda daji ya tarar ba.

Na je ma'ajiyar tsofaffin takardu na samo taswirar da aka zana kafin a haƙa kanal. A daidai inda kuke akwai bukkoki huɗu, an rubuta Kosikope. Wane ne Kosi?

Na kuma duba hoton garin da aka ɗauka daga sama. Akwai layin itatuwa da ya kewaye ku, na nuna wa wani mai sanin itace ya ce aduruku ne, irin wanda mutanen ƙasar nan ke dasawa a kan iyaka idan sun ba wani fili. Daji ba ya shuka aduruku a layi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, layin ya taho ta arewa, ya iso bakin kanal, ya tsaya, sai ga shi ya ci gaba a tsallake daidai inda ya tsaya, ya zagaye wani gida guda ɗaya, ya sake dawowa ta kudu. Itace ba ya tsallake ruwa. Ruwan ne ya zo daga baya ya yanke ku. Wannan layin shi ne shaidar cewa garin ya girmi kanal, kuma shi ya nuna gidan can naku ne, ko da ka ce ba ruwanku da shi.

Ka ce talatin da bakwai, Baba Buraima ya ce talatin da takwas. Gida ɗaya a tsallake, kashi ɗaya da ya yi yawa. Ni ba gwanar lissafi ba ce, amma wannan na iya shi.

Abu na ƙarshe, kuma ina neman gafarar Allah da taku. Hajiya ta manta ita ta koya mini ajami ina 'yar shekara bakwai, da tsumagiya a hannunta. Ta bar takardarta a kan dardumar salla tawada tana bushewa, na shiga ɗaukar buta, idona ya faɗa a kai. Ban tambaye ta ba, don na san amsar da zan samu. Kai nake tambaya. Wace ce ta tsallake?

Saura kwana arba'in. Allah ya ba ka ikon faɗa mini.

Jikarka,
Muhsinat

*

Idrisukope
28 ga Zulƙida

Muhsinat,

Wa alaikumus salam. Yau ba wasa a bakina. Ranar Talata wasu mutum uku suka sauka daga mota da abin awo mai ƙafa uku. Ba su yi wa kowa sallama ba. Suka kafa turaku masu jan fenti suka tafi. Ɗaya yana wajen alwalar masallaci, ɗaya a tsakar gidan liman, ɗaya tsakanin kabarin mahaifina da na Yaya Sagiru. Na zarge ki a banza, ki yafe mini. Har yanzu ban yarda da malaminku ba, amma wannan wata magana ce.

Ga amsarki. Kosi masunci ne, shi mahaifinmu ya tarar a nan, shi ya sauke shi a bukkarsa damina guda. Da mahaifinmu zai tafi, Kosi ya ce ya zauna, ya yanka masa fili, suka bi iyaka suna dasa aduruku kamar yadda ake yi a ƙasar nan. 'Yarsa Ajo, tana ƙarama, ita ta riƙe musu rassan a zaninta. Da ta girma ta musulunta, mahaifinmu da bakinsa ya raɗa mata Ajaratu, ta auri Yaya Sagiru. Ita ta haifi ubanki. Tana da rai. Daga ƙofar masallaci ina ganin hayaƙin murhunta.

Gidansu shi ne na ƙarshe ta gabas, shi kanal ya yanke. Shekarar da aka haƙa, Yaya Sagiru ya kwanta ciwo ya rasu, Zulkifli yana da shekara uku. Yaya Kubura ta zo zaman makoki. Washegarin sadakar bakwai da sassafe ta ga Ajaratu da tulu tana bin itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, tana zuba musu ruwa a gindi tana magana da yarensu. Kin san irin itacen nan ne ke tsaye a ƙofar wuraren tsafinsu. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa matar Sagiru ta koma gidan jiya, kuma za ta kai yaron. Ba wanda ya tambaye ta. Ni ma ban tambaye ta ba, ni na riƙe kwalekwalen da aka sa yaron a ciki. Yaya Kubura ta tafi da shi Zongo. A watandar shekarar aka cire kashinta, aka daina faɗin sunan Kosi, har muka saba da labarin dajin da guza.

Ubanki ya kai shekara talatin kafin ya sani, wani tsoho ne ya suɓutar da baki. Yaya Kubura ta sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai taka tsallake ba muddin tana raye, shi kuwa ba ya iya saɓa mata. Sai ya zo wajena ya ce a ƙara kashi ɗaya. Duk shekara yana zuwa watanda, ya ɗauki kashin nan ya zauna bayan masallaci da wuƙarsa, ya gyara, ya ƙunshe, ya ba mai fito ya ce a ce daga ɗanta. Da ya rasu, shekara tara ke nan, ban iya aika mata da labarin ba. Na ci gaba da aika naman, ina cewa a ce daga ɗanta. Kin ji matar da Yaya ke zargin na ajiye.

Yanzu ga abin da ke hana ni sakewa. Takardarki tana bukatar wanda ya ba da ƙasa, ko magajinsa. Kosi ba shi da sauran ɗa sai ita. In muka rubuta cewa filin na ubanta ne, mun miƙa mata wuƙa da nama. Tana iya dangwala yatsa ta cece mu, tana iya cewa ba ta san mu ba, a kwashe mu a zubar. Na tambayi kaina abin da zan yi in ni aka yi wa haka, amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Liman yana ganin ma da saninta aka kafa turakun.

Ki nuna wa Yaya wannan takarda, na gaji da ɓoye-ɓoye. Allah ya yafe mana.

Kakanki,
Tasi'u

*

Zongo
4 ga Zulhajji

Tasi'u,

Sallama. Ka kyauta. Yarinya ta ajiye mini takardarka a kan cinya ta fita, kwana biyar ke nan a gidan maƙwabta take cin abinci. In ta gaishe ni kamar tana gaida mai sayar da gawayi. Shekara ashirin kuna raba nama a bayan idona, kai da yaron da na goya. Ban yafe maka ba tukuna.

Abin da na gani na gani, ba ƙarya na yi mata ba. Tulu ne, itace ne, magana ce. Amma tunda ranar tonon asiri ce, ga nawa, kada ka ɗauka kai kaɗai ke da kaya.

Lokacin ban iya Mina, yaren su Ajaratu, ba, daga Zongo sai Zongo. Amma kalmomin da take maimaitawa sun zauna mini a kunne kamar waƙa, don na sha faɗa wa mutane su a matsayin shaidar tsafinta. Bayan na kafa rumfar atamfa a kasuwar Asigame yaren ya shige ni ban sani ba. Wata rana ina auna wa wata mata yadi, sai kalmomin suka dawo mini, na ji su da ma'anarsu. Almakashi ya faɗi daga hannuna. Ka tuna shekarar nan kanal ya jawo ruwan gishiri har itatuwa suka fara zubar da ganye? Ruwan rijiya take ba su. Abin da take cewa shi ne: "Kada ku mutu, ku ne shaidar ɗana."

Zulkifli yana da shekara goma sha biyu a ranar. Na dawo gida na same shi yana wanke allonsa, ya ɗago ya ce mini sannu da zuwa Inna. Allah bai ba ni haihuwa ba, ka sani. Na shiga ɗaki na rufe bakina, ban sake buɗe shi ba sai yau. Da na sa shi ya dafa Alƙur'ani ma na san abin da na sani.

Ban ce ka yarda da ita ba. Wanda aka yi wa abin da muka yi mata ba a shiga gidansa da ido rufe. Kada ka sa hannu a komai, kada ka tafi da liman, bakinsa ya yi yawa. Amma ka daina aika mai fito. Bana ka ɗauki kashin da hannunka ka haye, ka gaya mata ɗanta ya rasu, ka gaya mata yana da 'ya. Na ba direba turmin atamfa guda, mai ruwan bula, ka kai mata. Kada ka ce na tuba, don ban san ko abin da nake ji sunansa ke nan ba. Ka ce daga Kubura kawai.

Wannan ba sai ka ƙona ba. Na bar ta a kan darduma da gangan kafin in ba direba.

Yayarka,
Kubura

*

Idrisukope
11 ga Zulhajji

Matata Muhsinat,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Na haye shekaranjiya da hantsi, da gwiwata da ƙunshin nama da atamfa. Taku ashirin, shekara hamsin.

Na same ta tana gyaran raga a gindin adurukun. Ta gane ni tun ban sauka ba, ta shimfiɗa mini buzun salla don ba ta da wata tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata Zulkifli ya rasu. Ba ta ajiye ragar ba. Ta ce:

"Na sani, Tasi'u. Ɗana ya san ba ni da haƙori, hanta da tsoka yake aiko mini, a yanke ƙanana. Tun shekarar da kashina ya koma ƙashi na yi masa addu'ar mamaci."

Na ajiye ƙunshin naman a gabanta. Da na kawo maganar turaku ta ce ta gan su. Za ta dangwala yatsa, za ta bi iyakar da ƙafarta ta nuna kowane itace, don ta san wanda ubanta ya dasa da wanda mahaifinmu ya dasa. Amma ba a gabana ba, ba a gaban liman ba, ta ce ba ta yarda da mu ba. Sai a hannun 'yar Zulkifli.

Ki zo ranar Juma'a, ki zo da littafinki. Ki rubuta sunan Kosi a farko, ki rubuta murhu talatin da takwas.

Atamfar ta karɓa, ta juya ta, ta ajiye a gefe. Har na shiga kwalekwale ta kira ni, ta ce in an ga Kubura a gaya mata itatuwan ba su mutu ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Kakanki,
Tasi'u